Maganin fitsari na sa Baba jiri, maganin mura kuma ya tsayar masa da fitsari, wai menene "alfa" ɗin nan?

DanAgege ya rubuta:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Dan Allah masu ilimin magani a cikinmu ku taimaka min da bayani, abin nan ya tsaya min a rai. Mahaifina ne ya zo wajena nan Agege daga gida, shekarunsa 68, ya daɗe yana fama da fitsari, da daddare sai ya tashi sau biyar sau shida, in ya je kuma ba ya fita da ƙarfi sai ɗis-ɗis, har riƙe alwala ya zame masa aiki. Na kai shi asibiti aka yi hoto aka ɗebi jini, likita yace furostet ɗinsa ne, wato wani nama da ke ƙarƙashin mafitsarar maza, ya kumbura amma alhamdulillah ba ciwon daji ba ne, ya rubuta masa wani kafso tamsulosin 0.4mg, ɗaya kullum. Dama can yana shan amlodifin na hawan jini.

Cikin kwana uku fitsari ya fara sakuwa muka yi ta murna. Rana ta huɗu da asuba ya miƙe daga katifa zai ɗauki buta, sai kawai na ji faɗuwar abu, na fito da gudu na tarar da shi zaune a ƙasa ya dafa bango, butar ta kife ruwa na bin tabarma, yace min duhu ne ya rufe masa ido lokaci guda. Gwiwarsa ce kawai ta kurje, Allah ya taƙaita.

Bayan sati ɗaya ruwan saman nan ya dake shi a hanyar masallaci mura ta kama shi, hanci ya toshe. Na je wani kemis a layinmu aka ba ni ƙwayar mura da wani na ɗigawa a hanci. A daren nan fitsari ya tsaya cak. Wallahi ban taɓa ganin Baba cikin wannan hali ba, mararsa ta taso tayi tauri, yana zufa yana salati, ƙarfe biyun dare muna neman mota. Sai da aka sa masa roba, abin da ya fito ya kusa cika lita ɗaya. Da likitan dare ya ga kwalin maganin muran yace ai wannan da tamsulosin wuri ɗaya suke aiki a jiki, ɗaya na turawa ɗaya na ja, ya ambaci wani abu wai "alfa". Mutane sun yi masa yawa ban samu na ƙara tambaya ba.

To ni abin da ya ɗaure min kai, ina ruwan maganin fitsari da jiri, kuma ina ruwan maganin hanci da mafitsara? Kuma in cigaba da ba shi kafson ko in dakata?

Famasis_IdiAraba ya rubuta:

Wa alaikumus salam. Allah ya ba Baba lafiya, ya saka maka da alheri kan ɗawainiyar da kake yi. Likitan nan gaskiya ya faɗa maka, bari in warware maka a hankali, kayi haƙuri da tsawon rubutun.

A jikin mutum akwai wasu siraran tsokoki da ba kai kake juya su ba, suna zagaye da hanyoyin jini, suna cikin furostet da wuyan mafitsara, suna cikin hanci da ido. Abin da ke ba su umarni su matse wani sinadari ne da jijiyoyin saƙo ke fesawa, sunansa noradirenalin, da ɗan uwansa adirenalin wanda ke fitowa daga wata 'yar halitta da ke zaune a saman ƙoda. Jiki da kansa yake haɗa su daga wani sinadari, tairosin, da ke cikin abinci irin su nama da wake, tairosin ya koma dofa, dofa ya koma dofamin, daga nan noradirenalin. Su ne ke tashi in ka tsorata, misali ɗanfo ta yanko ta kanka a Oshodi, zuciya ta buga, tafin hannu yayi sanyi.

To sinadarin nan ba ya shiga cikin tsoka, a bakin ƙofa yake tsayawa ya miƙa saƙo. Wannan wurin karɓar saƙon shi ake cewa risefta, mu ce makarɓi. A 1948 wani masani a jihar Jojiya ta Amurka, Raymond Ahlquist, ya gwada sinadarai shida masu kama da adirenalin a sassan jikin dabbobi, ya lura cewa wanda ya fi ƙarfi wajen matse hanyar jini ba shi ne ya fi ƙarfi wajen zaburar da zuciya ba. Sai yace lallai makarɓan iri biyu ne, ya sa musu alfa da bita. A lokacin ba a wani ɗauki maganarsa da muhimmanci ba, sai bayan da wani masani ɗan Birtaniya, James Black, ya bi wannan tunanin ya samar da maganin zuciya furofaranolol mai toshe bita, har ya samu kyautar Nobel a 1988. A shekarun 1970 aka gano ita ma alfa ɗin gida biyu ce, alfa-1 da alfa-2, daga baya kowacce ta rabu uku.

Ta Baba ita ce alfa-1. Makarɓin furotin ne da ya ratsa fatar ƙwayar halitta sau bakwai kamar ɗinki, kansa a waje wutsiyarsa a ciki. In noradirenalin ya zauna a kansa daga waje, ta ciki sai ya taɓa wani furotin da ake kira Gq, shi kuma ya tayar da wani enzayim, wato furotin mai sarrafa sinadarai, sunansa fosfolifes C, wanda zai yanka wani kitse na jikin fatar gida biyu, IP3 da DAG. IP3 ne ke zuwa ya buɗe rumbun kalsiyam na cikin ƙwayar, da kalsiyam ya watsu sai tsokar ta tsuke. Duk wannan cikin daƙiƙoƙi ne.

Yanzu ka duba. Bututun fitsarin namiji ta tsakiyar furostet ya bi, kamar tiyo da aka zura cikin dunƙulen hannu. Matsalar dattawa biyu ce, naman ya ƙaru, sannan tsokar cikinsa tana matsewa. Tamsulosin zuwa yake ya zauna a kan alfa-1 ya hana noradirenalin zama, hannun ya ɗan saki tiyo, fitsari ya wuce. Shi yasa ka ga sauƙi cikin kwana uku. Amma fa bai rage girman furostet ɗin ko kaɗan ba, mai rage girma wani ne daban, finasteraid, shi kuma sai ya kai wata shida kafin a ga aikinsa sosai.

Jirin kuma ga inda ya fito. Duk lokacin da mutum ya miƙe tsaye jini kamar rabin lita ko fiye yana gangarawa ƙafafu da ciki. Mai lafiya ba ya ji saboda nan take jijiyoyi ke fesa noradirenalin, alfa-1 ta matse hanyoyin jini, jini ya koma sama ya isa ƙwaƙwalwa. Baba an ɗan toshe masa wannan, ga amlodifin shi ma yana buɗe hanyoyin jini ta wata hanyar, ga shekaru, ga dare guda a kwance. Ya miƙe zumbur, jini ya makara wajen isa kai, duhu ya rufe ido. Tamsulosin ma shi ne mai sauƙi-sauƙi a danginsa don ya fi son nau'in alfa-1A wanda ya fi yawa a furostet, su doksazosin da farazosin da terazosin ba sa zaɓe, sun fi saukar da jini, shi yasa ake fara su da ƙaramin awo kuma lokacin kwanciya.

Maganin mura kuwa akasin haka yake yi dai-dai. Toshewar hanci ba majina ce kawai ba, hanyoyin jinin cikin hanci ne suka kumbura. Ka duba bayan kwalin, ina da tabbacin zaka ga sudo'efedirin ko fenilefirin, na ɗigawar kuma zailometazolin ko oksimetazolin, irin su Otrivin. Dukkansu tayar da alfa suke yi, hanyoyin jinin su tsuke hanci ya buɗe. Amma ƙwayar da aka haɗiya bata san hanci kaɗai aka aike ta ba, ta bi jini ta je furostet ta ce a matse. In kuma akwai kulofeniramin a ciki, irin na Piriton, shi yana kashe wa mafitsarar kanta ƙarfin turawa. Ƙofa ta ƙara tsukewa, mai turawa ya yi sanyi, ka ga dole fitsari ya tsaya. Kuma waɗannan ƙwayoyin suna ɗaga hawan jini ma, dama bai kamata a miƙa wa mai shekara 68 mai hawan jini su ba tare da tambaya ba.

MaiShayi_Obalende ya rubuta:

Allah ya ƙara sauƙi. Ni dai a ganina tunda maganin har ya kayar da shi ku daina ba shi kawai, dattijo in ya karye a ƙugu ai ya fi matsalar fitsari. Akwai masu na gargajiya a Alaba Rago da Mile 12 mutane na yabawa, a gwada mana.

Anti_Nas ta rubuta:

Malam mai shayi tsoron da kake ji gaskiya ne, karayar ƙugu a tsoho ba ƙaramin abu ba ce, na ga waɗanda daga ita basu ƙara takawa ba. Amma a daina maganin yanzu kuskure ne babba, musamman da robar nan a jikinsa. Ai in za a cire robar ma ana son ya kasance yana kan tamsulosin ɗin na 'yan kwanaki don fitsarin ya iya fita da kansa, in ba haka ba sai a mayar masa da ita.

Ƙanina DanAgege ga abin da za ka yi. Kafson a ba shi kamar minti 30 bayan cin abinci, kuma abinci ɗaya kullum, in bayan na dare ne to kullum bayan na dare, kar a ba shi ciki ba komai don ya fi shiga jini da ƙarfi. Kar a buɗe shi kar a tauna, an yi shi ne ya dinga sakin maganin a hankali. In zai tashi daga kwance ya fara zama a bakin katifa, ya motsa ƙafafu, yayi addu'ar tashi daga barci a zaune, sannan ya miƙe yana dafe da wani abu. Haka in zai ɗago daga sujada ko tsugunno a bayi. In jirin na zuwa masa a sallah yayi a zaune, addini ya ba shi wannan sauƙin. Ya sha ruwa sosai da rana, zafin Legas da zufa na ƙara saukar da jini, dattawanmu kuma suna ƙin shan ruwa don gudun fitsari, sai a rage shi da yamma.

In kana da na'urar awon jini a gida, ka auna shi yana kwance bayan ya huta minti biyar, sannan ya miƙe ka sake aunawa bayan minti ɗaya da bayan minti uku. In na sama ya faɗi da 20 ko na ƙasa da 10, ka rubuta a takarda ka kai wa likitansa, wataƙila amlodifin ɗin za a rage ko a canza lokacin shansa. Likita ne zai yanke wannan ba mu ba.

Sai wani abu da mutane basu sani ba kuma yana damuna ƙwarai. A shekarun Baba da yawa suna zuwa aikin yanar ido. Tsokar da ke buɗe baƙin ido ita ma alfa-1A gare ta, tamsulosin na sa ta saki tayi laƙwas, lokacin aiki sai ta dinga kaɗawa tana shigowa inda likita ke yanka. Likitocin ido biyu, Chang da Campbell, su suka bayyana wannan a 2005. Kuma ko an daina maganin da daɗewa abin na iya faruwa, don haka duk ranar da za a duba idonsa ka faɗa musu ya taɓa sha, in sun sani suna da dabarun da suke shiryawa.

Mura kuma, ruwan gishiri a hanci, turaren ruwan zafi, farasitamol in akwai zazzaɓi. Na ɗigawar nan ko ga mai ƙuruciya kar ya wuce kwana uku zuwa biyar, in ya wuce hancin sabawa yake, da maganin ya sake shi sai ya toshe fiye da da. Ina da maƙwabciya da ta fi shekara tana yawo da kwalbar a jaka, bata iya barci sai ta ɗiga.

DanOkoOba ya rubuta:

Sannunku da ƙoƙari, wallahi na ƙaru. Famasis ka ce akwai alfa-2 amma baka yi bayaninta ba, ni kuma a kan shanu na taɓa jin sunan. Muna harkar dabbobi a abbatuwa, likitan dabbobin da ke zuwa mana in zai ɗinke sa ko ya duba ƙafarsa yana masa wata allura zailazin, 'yar kaɗan a sirinji, kafin minti goma ka ga bijimin da mutum huɗu suka kasa riƙewa ya sunkuyar da kai yawu na zuba ya durƙusa. Yace saniya bata son ta da yawa, kusan kashi ɗaya cikin goma na abin da ake yi wa doki ya ishe ta. Kuma ya gargaɗe mu kan maganin kaska da muke wanke su da shi, amitiraz, yace shi ma alfa-2 yake taɓawa. Akwai yaron da ke mana aiki ya taɓa zuba shi a gorar ruwa, ƙaninsa ƙarami ya kurɓa, yaro ya dinga barci ba ya tashi jikinsa yayi sanyi, sai da ya kwana biyu a asibiti, Allah ya yi da sauran kwana. To ya aka yi alfa ɗaya ke matse jijiya ɗaya kuma ke sa barci?

Famasis_IdiAraba ya rubuta:

Alhaji tambayarka ta yi kyau, kuma Allah ya kiyaye gaba, dan Allah a daina zuba waɗannan abubuwan a gorar abin sha.

Alfa-2 birki ce. Wata daga cikinta tana zaune ne a bakin jijiyar da ke fesa noradirenalin ɗin kanta, in abin da aka fesa ya yi yawa sai wani ya dawo ya zauna a kanta, ta ce wa jijiyar ya isa haka. Ta ciki ba Gq take taɓawa ba, Gi take taɓawa, shi kuma rage wani ɗan aike yake yi mai suna cAMP, ya hana kalsiyam shiga bakin jijiyar, fesawa ta ragu. Akwai ta da yawa a gindin ƙwaƙwalwa inda ake riƙe mutum a farke kuma ake daidaita bugun zuciya. To in ka ba da maganin da ke tayar da ita kamar ka taka birkin ne da ƙarfi, barci ya zo, zuciya ta rage gudu, jini ya sauka, jiki yayi sanyi. Abin da ka gani a sa kenan, kuma shi ya samu yaron. Har suga tana hawa don alfa-2 na hana fitar insulin. Haɗarin amitiraz shi ne yana kama da gubar fiya-fiya a ido, baƙin ido ya ƙanƙance zuciya tayi sanyi, alhali ba hanya ɗaya suke bi ba, shi yasa yake da muhimmanci a tafi asibiti da kwalbar a hannu.

A mutane ma muna amfani da wannan birkin. Aldomet da ake ba mata masu ciki in jininsu ya hau, sunansa metildofa, jiki ne ke juya shi ya zama wani abu mai kama da noradirenalin ya je ya taka alfa-2 a ƙwaƙwalwa, shi yasa matan ke ƙorafin kasala da barci. Kulonidin kuma abin mamaki a shekarun 1960 a Jamus maganin toshewar hanci aka so a yi da shi, sai aka ga yana saukar da jini yana sa barci. Shi wannan in mutum ya daɗe yana sha ya daina rana ɗaya, birki ya tsinke kenan, jini na iya hawa fiye da inda yake tun farko. Akwai na ɗigawa a ido ma, birimonidin, na masu hawan ruwan ido.

Tunda Malam mai shayi ya kawo maganar na gargajiya bari in faɗi wani abu, ba don raina sana'ar kowa ba. Ɓawon itacen yohimbe da ke fitowa a dazukan Kamaru da maƙwabtanta ana sa shi a wasu haɗe-haɗen ƙarfin maza, sinadarin cikinsa yohimbin toshe alfa-2 yake yi, wato cire birki, zuciya ta dinga bugawa jini ya hau mutum ya rasa natsuwa. Kwalbar da ba a rubuta abin da ke ciki ba baka san ko akwai shi ba. Sannan su Viagra da danginsa buɗe hanyoyin jini suke yi, in suka haɗu da tamsulosin ko doksazosin jini na iya faɗuwa mutum ya zube. Na san magana ce mai nauyi tsakanin ɗa da mahaifi, DanAgege ba kai za ka yi masa ita ba, ka sanar da likita a gefe shi ya yi masa, ko wani amininsa. Haka in dattijo ya ga maniyyi ya ragu ko baya fita yana kan tamsulosin, aikin maganin ne a kan alfa-1A na wannan hanyar, yana dawowa in an daina, da yawa suna jin kunyar faɗa sai su bar maganin a ɓoye.

DanAgege ya rubuta:

Jama'a na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri ya ƙara ilimi. Famasis na ɗauko kwalin daga cikin shara na duba, wallahi kamar kana wajen, sudo'efedirin da kulofeniramin duk suna ciki. Anti na ari na'urar awo wajen maƙwabcinmu na yi yadda kika ce jiya da asuba, a kwance 138 bisa 80, da ya miƙe bayan minti ɗaya 112 bisa 70, na rubuta na kai wa likita yau. Ya rage masa amlodifin daga 10mg zuwa 5mg, yace a cigaba da kafson bayan abincin dare, ranar Alhamis mu koma a cire robar a gani ko fitsarin zai fita da kansa. Maganar ido ma na faɗa masa don dama Baba na cewa idonsa na hagu na yin hazo, ya rubuta a katinsa da jan biro. Na matsar masa da buta da kujera kusa da katifa, yau da asuba ya zauna ya gama addu'arsa kafin ya miƙe. Ku sa mu a addu'a ranar Alhamis.